YADDA AKE SOKE SUNA DAGA RAJISTA MAI KWAFI DA YAWA

Jawabin faɗakarwa ga jama'ar Yola da Jimeta, wanda aka buga domin amfanin jama'ar ƙasa baki ɗaya



Akwai wata tambaya da takan taso duk sa'ad da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta manna rajistar masu jefa ƙuri'a a bangon makarantun firamare domin jama'a su duba. Mutum zai zo neman sunansa a Jambutu ko Luggere ko Namtari, sai ya yi kiciɓis da sunan mahaifinsa wanda aka binne shekara takwas da suka wuce, ga hotonsa, ga lambarsa, kamar gobe zai fito ya shiga layi. Sai ya juya ya ce da na kusa da shi, "Ashe ba an ce yanzu kome yana cikin kwamfuta ba? Me ya hana a danna maɓalli ɗaya a goge shi?"

Tambaya ce mai ma'ana, ta kuwa cancanci cikakkiyar amsa. Rubuta suna a rajista aiki ne mai sauƙi. Fitar da shi ne mai wuya, musamman idan rajistar tana da kwafi a wurare da yawa, kuma kowane kwafi yana riƙe da tsohon bayani da sabo. Masana ilmin kwamfuta sun daɗe suna fama da wannan al'amari, kuma dabarar da suka tsaya a kanta ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san aikin malaman haraji na zamanin En'e.

LITTAFIN HARAJI GUDA UKU

Dattawa za su tuna yadda ake ƙidayar masu biyan haraji a Lardin Adamawa. Malami yakan bi gari gari yana rubuta sunayen magidanta. A ƙaddara cewa jerin sunayen wani ƙauye yana cikin littafi uku: ɗaya a hannun Jauro, ɗaya a ofishin Hakimi, ɗaya kuma a Baitulmali a Yola. To, ana nan sai wani magidanci ya rasu da damina. Malamin Jauro mutum ne mai tsabta, ba ya son ƙazanta a littafinsa, saboda haka ya sa reza ya kankare sunan tas, har ba a gane an taɓa rubuta wani abu a wurin.

Da kaka ta yi aka tara littattafan domin a kwatanta su. Akawun Baitulmali ya ga suna a littafinsa, ya gan shi a littafin Hakimi, ya duba na Jauro bai gan shi ba. Me zai fahimta? Abu biyu ne za su iya jawo haka: ko dai an cire sunan da gangan, ko kuwa tun farko an manta ba a rubuta shi ba. Farar takarda ba za ta gaya masa ko wanne ne ba. Tun da littafi biyu sun yi shaida, ɗaya kuma ya yi shiru, akawu zai ce kuskure ne, ya umurci a mayar da sunan. Bayan mako biyu sai ga dogari a ƙofar gidan mamaci yana neman haraji wurin matar da ba ta daɗe da fita takaba ba.

Da a ce malamin ya bar sunan inda yake, ya ja masa layi da jan tawada, ya rubuta a gefe cewa ya rasu ran kaza ga watan kaza, da akawu bai yi shakka ba. Zai ga labari ne sabo, mai kwanan wata, wanda ya zo bayan abin da ke cikin nasa littafin, sai ya ja irin wannan layi a sauran biyun. Wannan shi ne tushen maganar duka. A rajista mai kwafi da yawa, sokewa ma rubutu ce. Dole a rubuta ta, a sa mata rana, a aika da ita duk inda sunan ya taɓa zuwa.

ABIN DA YA SA KWAMFUTA TAKE TARA ZUBI A KAN ZUBI

Manyan rumbunan bayanai na wannan zamani, irin waɗanda bankuna da kamfanonin waya da hukumomin gwamnati suke dogara da su, ba a ajiye su a na'ura ɗaya. Gobara tana iya tashi, wuta tana iya ɗaukewa, ruwa yana iya ci, kamar yadda mutanen bakin Binuwai suka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Saboda haka akan rarraba bayanan a kan na'urori masu yawa, sau da yawa a garuruwa dabam dabam, kuma kowane bayani akan yi masa kwafi, galibi uku. Idan ɗaya ta mutu, biyu suna nan.

Har ila yau, da yawa daga cikin waɗannan rumbuna ba sa goge tsohon bayani su rubuta sabo a gurbinsa. Idan an sami canji, sai su rubuta sabon zubi a gaba, su buga masa hatimin lokaci, watau rana da sa'a da sakan har da ɓurɓushin sakan. Tsohon zubi yana nan kwance a ƙasa, kamar yadda bugu na farko na littafi ba ya ɓacewa don an yi bugu na biyu. In an zo karatu, na'ura takan tattaro zubin da ke akwai ta miƙa wanda hatiminsa ya fi sabunta. Dalilin yin haka biyu ne. Ƙara rubutu a ƙarshen shafi ya fi sauri bisa komawa baya a nemo tsoho a gyara. Sa'an nan idan na'urori biyu suka saɓa, hatimin ne alƙalin da zai raba gardama. Kamfanin Google ya bayyana irin wannan tsari a 2006 cikin bayanin rumbunsa mai suna Bigtable, inda mai rumbu yake da ikon cewa a riƙe zubi uku na ƙarshe kawai, ko kuwa a riƙe na 'yan kwanakin baya kaɗai. Daga wannan tsari ne rumbun HBase ya samo asali, haka kuma Cassandra, wanda aka ƙirƙira a kamfanin Facebook aka sake shi ga jama'a a 2008, ya ɗebi abubuwa da yawa daga cikinsa.

Misali daga gida zai fi fito da abin. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, waɗansu a sansanin Damare da na Malkohi, mafi yawa kuwa a gidajen dangi da na mutanen kirki. Da ƙura ta lafa waɗansu sun koma, waɗansu kuwa sun sami sana'a sun zauna. A ce Malam Wane yana cikin waɗanda suka zauna. Ya yi rajista a Mubi a 2011, wannan shi ne zubi na farko. Daga baya ya nemi a mayar da rumfarsa Doubeli a Jimeta, zubi na biyu ke nan. Aka gyara masa kuskuren harafi a sunansa, zubi na uku. Mutum ɗaya, zubi uku, kuma idan kwafi uku ake yi, rubutu tara ke nan a warwatse. Ran da Malam Wane ya cika, wanne za a goge?

Ba tambayar wasa ba ce. A rumbun HBase, alal misali, akwai umurnin soke zubi ɗaya tak, akwai kuma na soke dukkan zubin da hatiminsu bai wuce wani lokaci ba. Wanda ya yi amfani da na farko ya soke sabon zubi kawai, to, na ƙarƙashinsa ne zai taso ya zama shi ne gaskiya a idon na'ura. Ma'aikacin da ya yi niyyar fitar da mamaci daga Doubeli, in bai yi hattara ba, sai ya mayar da shi Mubi da ransa.

TAKARDAR SHAIDAR MUTUWA

A 1987 waɗansu masana a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, cikinsu har da Alan Demers, suka wallafa nazari kan rumbun sunaye da adireshi na kamfanin, wanda yake da kwafi a ɗaruruwan wurare. Na'urorin sukan riƙa tuntuɓar juna jefi jefi, kowace ta ba 'yar'uwarta abin da ba ta da shi, kamar yadda labari yake yaɗuwa a kasuwa. Sai suka fuskanci matsalar malamin Jauro sak: in an cire abu a wuri ɗaya, maƙwabta sukan dawo da shi bisa kyakkyawar niyya. Maganin da suka bayar shi ne a maye gurbin abin da aka soke da wani ɗan rubutu mai hatimin lokaci, suka kuma sa masa suna takardar shaidar mutuwa. Ita ma tana yawo daga na'ura zuwa na'ura kamar kowane labari, duk inda ta tarar da tsohon zubi sai ta danne shi. Masu aiki da Cassandra suna kiran irin wannan alama dutsen kabari. Suna biyu, aiki ɗaya.

Wani abin mamaki ya biyo baya. A irin wannan rumbu, ran da aka soke sunaye dubu ɗari rumbun ƙara cika yake yi, domin tsofaffin zubi suna nan, ga kuma duwatsun kabari dubu ɗari a kansu. Karatu ma yakan yi nauyi, gama na'ura sai ta ratsa maƙabarta kafin ta kai ga masu rai. Ainihin sharewa tana zuwa ne daga baya, a wani aiki da na'ura takan yi lokaci lokaci, wanda za a iya kira tankaɗe da rairaya: ta ɗauko tsofaffin fayiloli, ta haɗa su, ta zubar da zubin da aka danne, ta rubuta abin da ya rage a sabon fayil. Sai a wannan rana ce bayanin yake barin faifai da gaske.

To, ita alamar fa, yaushe za a zubar da ita? A nan gizo ke saƙa. Idan aka bar ta har abada, rumbu zai cika da duwatsu. Idan aka yi gaggawar ɗauke ta, akwai hatsari. A ce na'ura uku ne, ɗaya a Abuja, ɗaya a Kano, ɗaya a Yola, kuma ran da aka soke sunan Malam Wane ta Yola ba ta kan layi, wayar da ta haɗa ta da sauran ta yanke. Abuja da Kano suka karɓi alamar. Aka yi tankaɗe, suka zubar da sunan, suka zubar da alamar ma. Bayan haka aka gyara waya, ta Yola ta dawo ɗauke da sunan Malam Wane lafiya lau. Da aka kwatanta, ta ga 'yan'uwanta ba su da shi, ba su kuma da wata shaida cewa an soke shi, sai ta ba su. Mamaci ya dawo rajista a wuri uku, ba tare da hannun kowa ba. Ma'aikatan wannan fanni suna kiran irin wannan bayani fatalwa, sunan kuwa ya dace.

Domin kauce wa haka ne Cassandra yake ba kowace alama wa'adi. In ba a canja ba, wa'adin sakan 864,000 ne, watau kwana goma cif. Kafin kwana goman nan su cika ba a taɓa alamar, kome tankaɗen da za a yi. Sharaɗin da ke tafe da shi kuwa mai tsauri ne: wajibi ne a kwatanta dukkan na'urorin a daidaita su kafin wa'adin ya ƙare, kuma na'urar da ta yi fiye da kwana goma ba ta kan layi ba a barinta ta dawo haka nan da tsohon kayanta. Akan share ta ƙaf, a sake cika ta daga 'yan'uwanta. Mutanen Xerox sun ƙara wata dabara mai kyau. In wa'adi ya cika, yawancin na'urori su zubar da takardar, amma 'yan kaɗan su ɓoye ta. Duk ran da fatalwa ta ɓullo ta iso wurin ɗaya daga cikinsu, sai a tayar da takardar a sake yaɗa ta ko'ina.

Saura maganar agogo, a taƙaice. Tun da hatimin lokaci ne alƙali, na'urar da agogonta ya yi gaba tana iya buga wa tsohon bayani hatimin gobe, sai sokewar yau ta zo ta kasa danne shi. Wadda agogonta ya yi baya kuwa tana iya rubuta sabon bayani na gaskiya ya faɗa ƙarƙashin tsohuwar alama, ya ɓace wa mai karatu. Saboda haka daidaita agogo a irin waɗannan wurare ba ado ba ne. Malamin da ya ja jan layi ya sa kwanan wata na bara, ya ɓata aikinsa da hannunsa.

RAJISTAR MASU ZAƁE

Ko wace irin na'ura hukuma ta saya, wannan matsala tana nan muddin kwafi ya wuce ɗaya, rajistar masu zaɓe kuwa tana cikin abubuwan da suka fi kowane yawan kwafi a ƙasar nan. Akwai ta a hedkwatar Hukumar a Abuja. Ana aiki da ita a ofishin jiha a Yola da ofisoshin ƙananan hukumomi 21 na Adamawa. Ana ba jam'iyyu kwafinta kafin zaɓe. Ana buga ta a takarda domin kowace rumfa, ana kuma ɗora rabon kowace rumfa a kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, wadda aka fara aiki da ita a 2021. Ga kuma katin da ke aljihun mai zaɓe, wanda shi ma kwafi ne, kuma ba ya sanin abin da ya faru bayan an buga shi.

Tushen rajistar da aka yi zaɓen 2023 da ita shi ne aikin da aka yi a farkon 2011, lokacin da aka ɗauki hoto da zanen yatsun kowa. Tun daga nan ƙari ake yi a kai. A zaɓen 2019 tana da suna 84,004,084. Daga ƙarshen watan Yuni na 2021 zuwa ƙarshen Yuli na 2022 mutum 12,298,944 suka kammala sabuwar rajista. Da aka bi su da na'urar kwatanta yatsu da fuska, sai aka soke 2,780,756, fiye da kashi ɗaya cikin biyar, yawancinsu saboda sun riga sun yi rajista a da. Shugaban Hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, shi ya bayyana waɗannan alƙaluma a watan Oktoba na 2022. Ba dukkan waɗannan mutane ne 'yan maguɗi ba. Da yawa katinsu ne ya ɓata, ko sun ƙaura, suka ɗauka hanyar ita ce a sake sabon lale. Irin su Malam Wane ne, waɗanda maimakon su nemi a ƙara musu sabon zubi a kan tsohon sunansu, sai suka buɗe suna na biyu. Na'ura kuwa ta ga mutum ɗaya a wuri biyu, ta soke na bayan.

Wannan rabin aikin na'ura tana iya yinsa ita kaɗai, domin yatsa ba ya ƙarya. Ɗaya rabin ne ya fi ƙarfinta. Babu na'urar da za ta duba hoto ta san mai shi ya rasu. A watan Nuwamba na 2022 aka baje rajistar mai suna 93,522,272 na mako biyu, a mazaɓu da ofisoshin ƙananan hukumomi da kuma intanet, domin jama'a su nuna matattu da yara da baƙi da masu suna biyu. Bayan an bincika ƙorafin da aka samu, suna 53,264 aka cire a duk faɗin Nijeriya, aka shiga zaɓen 2023 da 93,469,008. A ƙasar da take da rumfunan zaɓe 176,846, wannan bai kai suna ɗaya a kowace rumfa uku ba. Duk mai unguwar da ya ƙidaya jana'izar da ya halarta daga 2011 zuwa 2022 ya san lissafin bai yi kusa ba.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, tun da mamaci ba zai zo ya dangwala yatsa ba? Mutanen Adamawa sun fi kowa sanin amsar. A zaɓen gwamna na watan Maris 2019, Ahmadu Umaru Fintiri ya sami ƙuri'a 367,471, Gwamna Muhammadu Jibrilla Bindow ya sami 334,995, tazara 32,476. Amma masu rajista a rumfuna 44 da aka soke zaɓensu sun kai 40,988, sun fi tazarar, saboda haka aka ce zaɓe bai kammala ba, jiha ta zauna cikin zullumi har zuwa 28 ga watan. Bambancin da ke tsakanin lambobin nan biyu 8,512 ne kawai. Ba wanda ya ce matattu ne suka cike wannan gurbi. Abin lura shi ne lissafin bai san mai rai ba, bai san mamaci ba, suna kawai yake ƙirgawa. A 2023 aka sake kwatawa: Fintiri 421,524, Sanata Aishatu Ɗahiru Binani 390,275, tazara 31,249, aka sake cewa bai kammala ba, sai a tsakiyar Afrilu aka ƙarasa, bayan hayaniyar da duk ƙasa ta ji. A wannan karon da yawan katunan da aka karɓa aka auna, wanda ya fi kusa da gaskiya, amma katin da mutum ya karɓa a 2015 yana nan cikin lissafi ko da mai shi ya daɗe a ƙasa. A jihar da ake cin zaɓe da tazarar dubu talatin, rajista mai tsabta ba ƙaramin abu ba ce.

WA ZAI JA JAN LAYIN?

Takardar shaidar mutuwa ta cikin kwamfuta ba ta rubuta kanta. Sai wani ya kawo labari. Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Rajistar haihuwa ta sami karɓuwa gwargwado, domin makaranta takan nemi takardar. Ta mutuwa kuwa ba a cika nemanta ba sai in akwai fansho ko kuɗi a banki ko shari'ar gado. A yawancin gidajen Yola da Jimeta wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki, a watse. Liman ya sani, mai unguwa ya sani, duk layin sun sani, amma babu littafin gwamnati ko ɗaya da ya sani. Labari ne da ya tsaya a littafin Jauro, bai kai Baitulmali ba. Hukumar Zaɓe da kanta ta nemi Hukumar Ƙidaya a 2021 da ta riƙa ba ta bayanan waɗanda suka rasu, to, amma ba a ba da abin da ba a tara ba.

Hukumar da ke ba da lambar ɗan ƙasa ta NIN ta ɗauki hanyar da ta fi tsauri. Lambar da aka ba mutum tasa ce shi kaɗai, in ya rasu a jingine ta, ba a sake ba wani. Wannan dutsen kabari ne wanda ba shi da wa'adi, kuma da dalili: lambar tana manne da layin waya da asusun banki da fasfo, in aka sake ba wani ita, duk tsofaffin kwafin da ke waɗancan wurare za su rungumi sabon mutum da sunan tsoho. Amma ita ma ba a jingine ta sai an sami labarin rasuwar. Layin wayar mamaci da asusunsa da aka bari a buɗe ƙofa ce ga ɓarayin zamani.

Akwai kuma ɗaya gefen, na mai rai da yake son a share bayaninsa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa ikon neman kamfani ko hukuma ta share abin da ta tara a kansa idan babu sauran dalilin riƙe shi, ta kuma kafa hukumar da za a kai wa ƙara. Wanda ya fahimci bayanin da ya gabata zai san abin da zai tambaya. In an ce masa an share, yana da kyau ya nemi sanin ko alama kawai aka sa, yaushe ne za a yi tankaɗen da zai fitar da bayanin daga faifai, da kuma kwana nawa kwafin ajiya na ko-ta-kwana yake yi kafin a lalata shi. Ya kuma sani akwai bayanan da wata doka ta wajabta a riƙe su na wasu shekaru, kamar na ma'amalar banki, waɗannan roƙo ba ya share su.

Matasa ma sun san alamar nan, ko da ba su san sunanta ba. Wanda ya aika saƙo a WhatsApp ya yi nadama ya goge shi ga kowa, yakan ga an bar ɗan rubutu a wurin cewa an goge saƙon. Umurnin sokewa ne ya bi sawun saƙon zuwa kowace waya. Wayar da ke kashe ba za ta karɓe shi ba sai ta dawo kan layi, wanda kuwa ya riga ya ɗauki hoton saƙon, ko ya karanta ya kai gaba da baki, ya fita daga inda umurnin yake iya kaiwa.

Saura hatsari ɗaya, wanda ya sa Hukumar Zaɓe ba ta soke suna don wani ya zo ya faɗa da baki kawai. Alamar sokewa tana da ƙarfi, tana danne duk zubin da ya gabace ta, tana kuma bazuwa ko'ina. Idan aka ɗora ta a kan mai rai, ko bisa kuskure ko bisa ƙeta ta siyasa, mutum zai zo rumfa da katinsa a hannu a nemi sunansa a rasa. A garuruwan da Muhammadu Bello da Aishatu Umaru suke da yawa a kowane layi, kuskuren ba shi da wuya. A nan ne amfanin rashin gaggawar sharewa yake fitowa: muddin tsohon zubi yana nan a ƙarƙashin alamar, ana iya janye ta a mayar wa mutum haƙƙinsa, amma in an riga an yi tankaɗe sai dai ya sake rajista daga farko, ya jira zaɓe na gaba.

Saboda haka iyalin da suka yi rashi su je ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukumarsu, Yola ta Arewa ga mutanen Jimeta, Yola ta Kudu ga mutanen cikin gari da Ngurore da kewaye, su yi rajistar rasuwar su karɓi takarda. Idan an baje rajistar masu zaɓe, a je da takardar da katin mamacin, a cike fom na ƙorafi, a rubuta cikakken suna da lambar katin da ranar rasuwa, domin lambar ce take raba shi da masu irin sunansa. Wanda ya ƙaura ya nemi a canja masa rumfa, wanda katinsa ya ɓata ya nemi a sake buga masa, kada ɗayansu ya sake sabuwar rajista. Masu unguwanni kuwa, waɗanda ba a yin jana'iza ba da saninsu ba, su tanadi littafi guda su riƙa rubuta suna da rana, su riƙe shi a hannu ran da za a manna rajista a bango.